Wai da gaske ne kumbon da ya sauka a Mas shi ya tuƙa kansa?

Mai_Gyaran_Waya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya musu ya kaure tsakanina da maƙwabcina a kasuwa har kwastomomi suka sa baki. Shi ya kafe a kan cewa duk kumbon da aka harba, akwai Turawa zaune gaban allo suna tuƙa shi kamar yadda yara ke tuƙa mota a gem. Ni kuma na ce masa na ji an ce motar nan Perseverance da Amurka ta aika duniyar Mas ita ta sauke kanta, ƙirƙirarriyar basira ce ta zaɓi inda za ta dira. Ya ce in na kawo hujja zai saya min tsire. Masana, a taimaka min, don na riga na sa rai da tsiren nan.

Malam_Fizis: Wa alaikumus salam. Maƙwabcinka ya fara neman kuɗin tsire. Abin da ya hana a tuƙa shi daga nan shi ne nisa. Saƙon rediyo da gudun haske yake tafiya, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma babu abin da ya fi shi sauri. Ranar 18 ga Fabrairu 2021 da Perseverance ta sauka, Mas na da nisan da sai saƙo ya yi minti 11 da 'yan daƙiƙoƙi kafin ya iso duniya. Saukar kuwa gaba ɗayanta, daga shiga iskar Mas da gudun kusan kilomita 20,000 a awa har taya ta taɓa ƙasa, minti 7 ce. Ka lissafa da kanka. Lokacin da mutanen NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka ga saƙon cewa kumbo ya shiga iska, ai motar ta riga ta yi minti 4 a ƙasa, ko lafiya ko a tarwatse. Waɗanda ka gani a talabijin suna tafi, labarin abin da ya riga ya wuce suke saurara.

Mai_Gyaran_Waya: Allah ya saka da alheri Malam. Na ɗauki hoton wannan bayanin, gobe da shi zan buɗe shago.

Injiniya_Samaru: Bari in ɗora a kan na Malam, don yadda ta zaɓi wurin shi ne abin sha'awar. Tun kafin a harba ta, an loda mata taswirar ramin Jezero, wurin da aka shirya ta sauka, wadda aka haɗa daga hotunan taurarin ɗan'adam da ke kewaya Mas. A taswirar an yi wa ko'ina alama: nan duwatsu ne, nan gangare ne, nan rairayi ne mai cin taya, nan kuma fili ne. Da lemar saukar ta buɗe, garkuwar zafin ta faɗi, sai kyamarar da ke kallon ƙasa ta shiga ɗaukar hoto. Kwamfuta na ɗaukar kowane hoto tana neman inda ya yi daidai da taswira, har ta gane ainihin inda take a sama. Daga nan ta duba wurare masu aminci da man da ya rage zai iya kai ta, ta zaɓi ɗaya, ta karkata can. Da aka auna daga baya, tazarar da ke tsakanin inda ta zaɓa da inda ta dira ba ta wuce mita 5 ba. Motar Curiosity da ta sauka a Mas a 2012 ba ta da wannan ido, shi ya sa aka nema mata shimfiɗaɗɗen wuri a ramin Gale. Jezero an daɗe ana kwaɗayinsa saboda akwai alamar tsohon tafki da bakin kogi, amma ana tsoron duwatsunsa.

Hajiya_Lissafi: Ni fa ina da gyara, ba ga bayanin Injiniya ba, ga sunan da ake ba abin. Yanzu an shiga yayin da ko fanka ta juya da kanta sai a ce AI ce. Abin da ya sauke motar nan lissafi ne da mutane suka rubuta layi-layi, suka gwada shi sau dubbai, kuma sun san abin da zai yi a kowane hali. Ƙashin bayansa wata dabara ce da Rudolf Kalman ya wallafa tun 1960: kana da ma'auni biyu ko uku, kowanne na ɗan yi maka ƙarya, sai ka haɗa su gwargwadon yadda ka amince da kowanne, ka fitar da ƙiyasin da ya fi kowannensu kusa da gaskiya. Da ita aka je wata a 1969. Shin a lokacin ma ƙirƙirarriyar basira ce? Kuma taswirar haɗarin nan da Injiniya ya ambata, mutane ne suka shirya ta a nan duniya.

Injiniya_Samaru: Hajiya, ban ƙi taki ba. Amma na'urar da ta kalli ƙasar da ba ta taɓa gani da idonta ba, ta gane inda take, ta yanke shawara cikin daƙiƙoƙi ba tare da ta tambayi kowa ba, me za mu kira ta? Masu fannin sun daɗe suna korafin cewa duk abin da ya fara aiki sosai sai a daina kiransa basira, a ce ai lissafi ne kawai.

Hajiya_Lissafi: Mu kira ta mai cin gashin kanta. Wannan na yarda. Abin da nake gudu shi ne ɗan'uwanmu ya je kasuwa ya ce irin manhajar da yake hira da ita a waya ce ta tuƙa kumbo.

Gaskiya_Daci: Ku dai kuna da lokaci. Wata ma da ake cewa an je, a ɗakin shirya fim aka yi. Yanzu kuma an koma Mas.

Bakatsine_Sak: To fa, an zo wurin. Kullum sai ka shigo da wannan.

Malam_Fizis: Gaskiya_Daci, tambaya ɗaya zan yi maka. A 1969 Tarayyar Sobiyet ce babbar abokiyar gabar Amurka, tana da na'urorin da ke bin sawun kumbon, kuma da ta kama su da ƙarya da duniya ta ji. Me ya hana ta magana? Sannan 'yan sama jannatin sun bar madubai a kan wata, har yau ana harba musu hasken leza daga nan ana auna nisa.

Shugaban_Zaure: Jama'a, maganar an je wata ko ba a je ba mun yi ta sau uku a wannan zauren. Wanda yake so ya koma can baya ya karanta. A ci gaba da abin da aka tambaya.

Direban_Tirela: Ni ba ɗan boko ba ne amma ina da abin faɗa. Kwanakin baya da damina taswirar waya ta ce min in bi wata hanya wai ta fi kusa. Yarona yana ta cewa Oga kar mu bi, na ce kai dai yi shiru, na'ura ta fi ka sani. Muka yi tafiyar kusan awa guda muka tarar ruwa ya cinye gada tun bara. Ga kaya a baya, ga ba wurin juyawa. Da baya-baya muka fito, sai bayan isha'i. Tun daga ranar na'ura takan faɗi nata, ni ma in tambayi mutanen gari. To shi kumbon in na'urarsa ta yi masa irin wannan, wa zai tambaya?

Injiniya_Samaru: Oga Direba, wallahi tambayarka ta fi ta kowa, kuma irin abin da ya same ka ya sami kumbo ba sau ɗaya ba. A Oktoba 2016 Turai ta aika wani ƙaramin kumbo mai suna Schiaparelli ya sauka a Mas. Da lema ta buɗe sai ya yi wani lilo mai ƙarfi, na'urar da ke auna juyawarsa ta cika ta tumbatsa na ɗan lokaci. Kwamfuta ta ɗauki wannan gurɓataccen ma'auni ta yi lissafi, sai ya nuna mata wai kumbon yana ƙarƙashin ƙasa. Maimakon ta ce wannan ba zai yiwu ba, sai ta yarda. Ta saki lema, ta kunna injin na daƙiƙa 3 ta kashe, alhali saura fiye da kilomita 3 ya kai ƙasa. Haka ya faɗo.

Na Japan kuma akasin haka ne. A Afrilu 2023 kumbon Hakuto-R na wani kamfani mai zaman kansa yana sauka a wata, sai ya bi ta kan bakin wani rami mai tsayin kusan kilomita 3. Na'urar auna tsayi ta faɗi gaskiya cewa ƙasa ta yi nisa farat ɗaya. Kwamfuta ta ce a'a, wannan na'ura ta lalace, ta daina saurarenta. Ta ci gaba da lissafinta har ta ɗauka ta iso, alhali tana sama da kusan kilomita 5. Ya yi ta saukowa a hankali yana jiran ƙafa ta taɓa ƙasa har mai ya ƙare. Ka ga ɗaya ta gaskata maƙaryaci, ɗaya ta ƙaryata mai gaskiya.

Direban_Tirela: Ashe ta biyun irina ce. Yaro na faɗa mata gaskiya tana cewa yi shiru.

Hajiya_Lissafi: Kuma kada a ɗora wa na'ura laifi ita kaɗai. A 1999 Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda ɓangare ɗaya na ma'aikata yana lissafi da ma'aunin Ingilishi, ɗayan yana karantawa da ma'aunin mita. Kamar ka ce a auno maka mudu goma, wani ya auno da tiya. Wannan mutane ne zaune a ofis, da wata tara a hannunsu, ba wanda ya kama kuskuren.

Dattijon_Fagge: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki ko da ban san lissafinku ba. Muna yara mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan ce Amurkawa sun kafa wata tasha a bayan gari mai manyan eriya, wai da ita suke magana da mutumin da ke cikin kumbo idan ya zo wucewa ta saman Kano. Mun ɗauka irin hirar manya ce. Akwai wanda ya san gaskiyar wannan?

Malam_Fizis: Baba, Allah ya ƙara lafiya, mahaifinku gaskiya ya faɗa. A shirin Mercury, wanda da shi Amurka ta fara aika mutum sama, NASA ta jera tashoshi kewaye da duniya, kuma Kano na cikinsu, haka ma Zanzibar. Da John Glenn ya kewaya duniya sau 3 ranar 20 ga Fabrairu 1962, tashar Kano na cikin waɗanda suka yi magana da shi. Dalili kuwa kumbon yana ƙasa-ƙasa, kowace tasha 'yan mintoci take ganinsa ya ɓace, sai ta miƙa shi ga ta gaba. Kun ga a wancan zamanin maganar maƙwabcin Mai_Gyaran_Waya tana da ƙamshin gaskiya, ƙasa ce ke riƙe da ragamar lissafi. Har motar Lunokhod da Sobiyet ta sauke a wata a 1970, mutane ne ke tuƙa ta daga nan, don saƙo zuwa wata daƙiƙa 1 da ɗan kai ne kawai.

Dattijon_Fagge: Allahu akbar. Yau na ji daɗi. Allah ya yi muku albarka.

Mai_Gyaran_Waya: Malam don Allah kar maƙwabcina ya ga wannan na Lunokhod ɗin.

Mushe_Damagaram: Sannunku da hira. Ni abin da ya ɗaure min kai, a can babu GPS, babu gabas babu yamma. Mu nan madugan ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Bilma da taurari suke gane hanya da dare, da kuma duwatsun da suka sani da rana. Na kan ba yara wannan misali a lakwal. Shi kumbo da yake tsakiyar duhu da me yake kama hanya?

Injiniya_Samaru: Mushe, ai kusan dabarar madugu ce. Akwai 'yar kyamara da aikinta kawai kallon taurari. Tana da kundin taurari a ƙwaƙwalwarta, in ta ɗauki hoto sai ta gane waɗanne ne, daga nan ta san ina kumbon ya fuskanta. Amma fuskanta daban, inda kake daban. Sanin inda yake, yawanci har yanzu daga ƙasa ake yi, da manyan eriyoyin NASA da ke wurare uku, Kalifoniya da Madrid da Kanbera. Ana aika saƙo a auna lokacin da ya ɗauka ya dawo da yadda muryarsa ta sauya. Wanda ya fara gwada yin abin da kansa shi ne Deep Space 1 da aka harba a 1998: yana ɗaukar hoton duwatsun sama da aka san falakinsu, ya ga inda suka faɗo a tsakanin taurari, ya fitar da matsayinsa. Kuma Hajiya, a cikin wannan kumbon ne a Mayu 1999 aka bar wata manhaja mai suna Remote Agent ta riƙe ragama na ɗan lokaci. Ba a ce mata yi kaza sannan kaza ba, an ba ta buri ne kawai, ita ta tsara matakan, har aka yi mata ƙaryar cewa wani abu ya lalace don a ga yadda za ta yi. Wannan kam ko ke kya yarda.

Hajiya_Lissafi: Wannan na yarda, don masu ita ma da sunan suka kira ta. Amma ka faɗa musu gwaji ne na 'yan kwanaki, kuma ana cikin yi ta sarƙe sai da mutane suka duba. Wanda ya fi burge ni shi ne na Curiosity: tun 2016 takan kalli duwatsun da ke gabanta ta zaɓi wanda za ta harba wa leza don a san sinadarinsa, ba ta jira umarni ba. In ta yi kuskure, an yi asarar harbi ɗaya. A irin nan ake sakar wa na'ura mara. Wurin sauka kuwa, inda kuskure ɗaya ke cinye aikin shekara goma, ba wanda zai ba manhajar da ba a iya bin diddigin dalilinta.

Bakatsine_Sak: Ni wanda na kalla kai tsaye shi ne wanda suka je suka daki dutse da gangan. Dutsen yana ta girma a allo har hoton ya yanke.

Malam_Fizis: Kumbon DART na NASA ke nan, 26 ga Satumba 2022. Dutsen sunansa Dimorphos, faɗinsa kusan mita 160, yana kewaya wani babba mai suna Didymos, nisan kusan kilomita miliyan 11 daga nan. Kumbon na gudun fiye da kilomita 6 a daƙiƙa. Awa 4 na ƙarshe shi ya tuƙa kansa. Abin mamakin, sai da ya rage kusan awa ɗaya kafin kyamararsa ta iya rarrabe ƙaramin daga babban, don haka shi da kansa ya gane wanne ne nasa ya bar ɗayan. Bayan karon, lokacin da ƙaramin ke ɗauka ya kewaya babban ya ragu da kusan minti 32.

Uwar_Biyu: Ni dai ina ta karantawa. Mu da wuta ma ba ta ishe mu ba, me wannan zai ƙare mu da shi? Ba gatse nake yi ba, tambaya ce.

Injiniya_Samaru: Yaya, tambaya ce mai kyau. Mu ma mun aika taurarin ɗan'adam sama ai, NigeriaSat-1 a 2003, NigComSat-1R a 2011. Sama tana cika, Starlink kaɗai dubbai ne, kuma nasu da kansu suke kauce wa karo. Duk ƙasar da ke son ta ci gaba da ajiye abu a can sai ta sami masu wannan ilimin. Ban da haka, lissafin da ke tsayar da kumbo shi ne ke tsayar da jirgi maras matuƙi da ake feshin gona da shi.

Uwar_Biyu: To Allah ya sa yaranmu su koya. Wutar dai ina nan ina jira.

Dan_Kumasi: Mai_Gyaran_Waya, ga wanda ya shafi sana'arka. Ɗan jirgin nan mai saukar ungulu, Ingenuity, da ya tafi a cikin Perseverance, ƙwaƙwalwarsa Snapdragon 801 ce, irin ta Galaxy S5. An yi niyyar ya tashi sau 5, ya tashi sau 72.

Mai_Gyaran_Waya: Kai! S5? Ina da gawarta guda biyu a durowa. Ashe kumbo nake ajiye da shi ban sani ba.

Injiniya_Samaru: Kuma ta ninka kwamfutar motar kanta sauri nesa ba kusa ba. Ta motar, RAD750, tsarin ƙarshen shekarun 1990 ce, gudunta megahaz 200. Ana amfani da ita ne don tana jure tururin radiyeshan da ke dagula ƙwaƙwalwar na'ura a sama. Wannan ma na cikin dalilan da suka sa ba a cika ɗora manyan manhajojin zamani a kumbo ba, babu inda za su zauna. Shi kuwa jirgin, yadda ya ƙare a Janairu 2024 zai ba Mushe sha'awa. Da kyamarar da ke kallon ƙasa yake gane gudunsa, yana bin duwatsu da tabo-tabon ƙasa. Sai aka kai shi wurin da babu komai sai rairayi sumul, ya rasa abin kamawa, ya sauko da gudu a karkace, fukafukansa suka karye.

Mushe_Damagaram: To ai nan madugu ya fi shi. In ƙasa ta ƙi magana sai ya ɗaga kai sama, in sama ma ta rufe da ƙura sai ya durƙusar da raƙuma ya jira.

Direban_Tirela: Ko ya saurari yaronsa.

Mai_Gyaran_Waya: Jama'a ga yadda aka ƙare. Na nuna masa bayanin Malam na minti 11 da minti 7, ya yi shiru. Sai tsautsayi ya sa ya karɓi wayar ya gangara ƙasa, ya ga inda Hajiya ta ce mutane ne suka shirya taswirar, ya kuma ga Lunokhod. Yanzu cewa yake tun da mutum ne ya rubuta mata komai, to mutum ne ya tuƙa, sai dai ya yi tuƙin tun kafin a tashi. Wai tsinke biyu zai saya, ɗaya nawa ɗaya nasa, kuma ni zan biya kuɗin lemo.

Hajiya_Lissafi: Maƙwabcin nan naka a sa shi a zaure.

Injiniya_Samaru: Ban yarda ba. Ka tambaye shi, wurin da motar ta dira, wane mutum ne ya san shi kafin ta dira? In ya kawo suna ni zan biya lemon.